Wa Zai Ja Mana Kaya? Motar Fetur, Ta Lantarki Da Ruwa-Biyu A Ma'aunin Jabo

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai)



Muna godiya ga Allah da Ya nufe mu da haɗuwa a wannan zaure, muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, alhali kuwa a cikin masu sauraro akwai waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Batun da muka ɗauko shi ne motocin jan kaya, watau a-kori-kura da ire-irenta, waɗanda akan labta wa kaya a bodi, a kuma ɗaura musu tirela a baya. Muna so mu auna motar fetur da muka sani da waɗansu sababbi guda biyu da ake ta yayatawa, watau mai aiki da lantarki zalla, da kuma wadda ta haɗa inji da batir, wadda za mu kira ruwa-biyu. Ma'aunin da za mu ɗora su a kai kuwa shi ne garinmu Jabo, a ƙasar Tambuwal, da maƙwabtanmu na Kebbe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin Da Ya Sa Muka Ɗauko Batun

A hutun bazarar da ta wuce mun tsaya a bakin wata hanyar gona muna kallon wata a-kori-kura da ta taso daga fadama. An cika ta da buhunan albasa, an kuma ɗaura mata ƙaramar tirela, ita ma cike. Da ta iso wani wuri mai yashi sai tayoyin suka nutse. Direba ya taka totur, inji ya yi ta ruri, yaran mota suna turi, har wari ya tashi, kuloci ya ƙone ƙurmus. Sai da aka kwana biyu kafin a kawo wani daga Sakkwato. Kafin nan kasuwar da aka nufa ta ci ta watse, albasa ta sha rana, dillali ya zo ya taya yadda ya ga dama, manomin kuma ya sallama don ba shi da zaɓi. Noman wata huɗu ke nan, da kuɗin taki da na man ban-ruwa, wani farantin ƙarfe da bai fi faifai girma ba ya cinye ribarsa.

Wannan ƙaramin labari ne, amma a cikinsa akwai babban al'amari. Jihar Sakkwato ta yau ba ta da hanyar jirgin ƙasa. Dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929. Saboda haka duk gero da dawa da wake da albasa da dabbobin da suka fita daga wajenmu, da duk taki da siminti da suka shigo, a kan taya suke tafiya, ta babbar hanyar nan da ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega da Kwantagora. Kuɗin mota yana cikin kuɗin kowane mudu.  Ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta yi tsalle, har ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Tun daga nan maganar motar da ba ta shan mai ta fita daga hirar masu kuɗi ta shiga hirar tasha.

Sai dai mu faɗi gaskiya tun da wuri: manyan motoci, su roka da daf da tirela, dizal suke sha. Fetur na ƙananan a-kori-kura ne da babura da injinan ban-ruwa. Amma abin da za mu faɗa game da fetur, mafi yawansa ya shafi dizal, don dukansu ƙona su ake yi a cikin inji.

Ƙarfin Ja

In dai ana maganar ƙarfin ja kawai, to, lantarki ya yi wa fetur fintinkau. Injin fetur ba ya ba da ƙarfinsa sai ya juya da sauri, shi ya sa aka yi masa giya da kuloci. In za a tashi daga tsaye da kaya, direba yakan saki kuloci sannu a hankali yana ƙara wuta, farantin kuwa yana ta gogayya har mota ta motsa. In yashi ya riƙe taya, gogayyar ta daɗe, sai farantin ya ƙone, kamar yadda muka gani da idonmu. Injin lantarki kuwa tun daga juyin farko yake ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa. Ba shi da kuloci, ba shi da kafireta, ba fulogi, ba salansa, ba baƙin man da za a riƙa juyewa.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, lantarki ne ya ja shi ko bai sani ba. Kan jirgin yana ƙona dizal, amma aikin dizal ɗin shi ne juya janareta, wutar janaretan ce take juya ƙafafun. Masu ƙera jirage sun daɗe da gane cewa in kaya ya yi nauyi, ba abin da yake tayar da shi daga tsaye kamar injin lantarki.

Bugu da ƙari, injin fetur almubazzari ne. A cikin kowace lita huɗu da ya sha, kusan uku zafi suke zama, su fice ta lagireto da salansa. Lita ɗaya ce kawai take isa taya. Injin lantarki kuwa, in an ba shi kashi goma, takwas zuwa tara yake isar wa taya. Daɗin daɗawa, in motar lantarki tana gangara da kaya, injin nata yakan koma janareta, ya riƙe motar, ya kuma mayar da wani abu cikin batir, maimakon birki ya yi ta cin kansa. Da a nan maganar ta tsaya, da mun ce kowa ya sayar da tasa ya sayi ta lantarki, mu tashi taro.

Guzurin Tafiya

Amma ƙarfin ingarma daban, guzurin da zai kai shi gari daban. Tankin mai da batir su ne jakar guzurin mota, a nan ne kuwa fetur ya rama. Don mu fahimci juna, bari mu yi awo da yunit, irin wanda mitar wutar gida take ƙirgawa. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9. Tankin Hilux yana cin lita 80, watau yunit 700 da ɗoriya, nauyin man kuwa bai wuce kilo 60 ba. Ko da inji ya ɓarnatar da kashi uku cikin huɗu, abin da ya isa taya ya kai yunit 180.

To, mu dubi a-kori-kurar lantarki da ta yi suna a Amurka, watau F-150 Lightning ta kamfanin Ford, wadda ta fito kasuwa a 2022. Babban batirinta yana riƙe yunit 131, nauyinsa kuwa kimanin kilo 800, watau buhun siminti 16. Ke nan man da mutum ɗaya ƙaƙƙarfa zai iya ɗagawa ya fi yin aiki a kan batirin da sai an tara majiya ƙarfi. Kuma tanki yana sauƙi in mai ya ragu, batir kuwa nauyinsa ɗaya ne, cike ko wayam. Motar tana ɗauke da buhunan simintin nan 16 kafin a ɗora mata buhun manomi ko ɗaya.

In motar tana tafiya ita kaɗai, wannan guzuri yakan kai ta kusan kilomita 500. Da zarar an ɗaura mata tirela sai labari ya sha bamban, domin bayan nauyi akwai iska. Iskar da mota take tsagawa ba ta ƙaruwa daidai da gudu: in an ninka gudu sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, tirela mai tsawon kai kuwa kamar bango take a gaban iska. A 2022 mujallar motoci ta Car and Driver ta gwada wannan mota da tirela mai nauyin kusan kilo 2,800, a gudun kilomita 113 a awa, sai aka ga iyakar tafiyarta kimanin kilomita 160 ce. Tsakanin Tambuwal da Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Zuwa da dawowa 200. In direba ya rage gudu za ta ƙara nisa, amma dai hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya ga gida.

Lalle motar fetur ma takan ninka shan mai in ta ja tirela. Bambancin shi ne ita minti biyar ya ishe ta a gidan mai, in ma babu gidan mai ga 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi. Ta lantarki kuwa, a na'urar caji mai sauri sai ta yi kusan minti arba'in ba ta ma cika ba, a soket ɗin gida kuma sai ta yi kusan kwana biyu cur, muddin ba a ɗauke wuta ba. Muna ganin murmushinku, mun kuma san dalilinsa. Yanzu ku ƙaddara mai albasa ya nufi Ikko, tafiyar kimanin kilomita 1,000, yana tsayawa sau shida ko bakwai yana neman caji.

Masu ƙera motocin da kansu sun shaida haka. A watan Satumba na 2025 kamfanin da yake yin a-kori-kurar Ram ya fasa fitar da tasa mai lantarki zalla. A watan Disamba na shekarar kuma Ford ya ba da sanarwar daina ƙera Lightning ɗin nan yadda take, ya ce wadda za ta gaje ta za ta zo da injin mai da zai riƙa cika batir a kan hanya. Toyota ma ya nuna Hilux mai lantarki a watan Nuwamba na 2025, kuma bisa alƙaluman farko da ya bayar batirinta yunit 59 ne, tafiyarta kimanin kilomita 240, abin da za ta iya ja kilo 1,600, alhali 'yar'uwarta mai dizal tana jan kilo 3,500. Gani ya kori ji.

Ruwa-Biyu

Wannan ya kawo mu ga ruwa-biyu, wadda take kamar alfadari, ta ɗebo daga doki ta ɗebo daga jaki. Sai dai sunan ɗaya ne, iri uku ne, wajibi ne kuma mai saye ya san wadda ake nuna masa.

Iri na farko yana da ɗan ƙaramin batir da ba a sa masa caji daga waje, inji da birki ne suke cika shi. Toyota Prius ce ta yaɗa wannan tun 1997, Ford kuma ya sa shi a F-150 a 2021, da batirin yunit ɗaya da rabi kacal. Irin wannan yana rage shan mai ƙwarai a cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, yana kuma taimaka wa inji a lokacin tayar da kaya. Amma a doguwar hanya da tirela, ɗan batirin ba shi da abin bayarwa, inji ne yake ɗaukar kome, ragin da ake samu kuwa kaɗan ne.

Iri na biyu yana da batir matsakaici da ake yi wa caji, ga kuma inji. Misalinsa Shark ta kamfanin BYD na ƙasar Sin, wadda aka fara nunawa a Meziko a 2024: batirin kusan yunit 30, tafiyar kusan kilomita 100 ba tare da ɗigon mai ba in ba kaya, tana kuma jan kilo 2,500. Mai irin wannan yana iya zirga-zirgar kusa da wuta, ya yi ta nesa da mai.

Iri na uku shi ne tsarin jirgin ƙasan da muka ambata: lantarki ne yake juya taya, inji kuwa janareta ne kawai da yake tafe da motar. A nan muna da abin alfahari. Motar da ta fara sanar da duniya wannan tunani a zamaninmu ita ce Chevrolet Volt ta kamfanin General Motors, wadda aka nuna samfurinta a birnin Ditiroit a 2007, wanda ya zana siffarta kuwa ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu. Shi ne daga baya ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa ne kuma aka kafa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a watan Afrilu na 2021. Tafarkin da manyan kamfanonin Amurka suka komo kansa a 2025 don jan kaya, ɗanmu yana cikin waɗanda suka share shi.

Ruwa-biyu tana da wata fa'ida da ta dace da mu: janareta ce mai taya. F-150 ruwa-biyu tana iya ba da wuta har kilowat 7.2, kuma a watan Fabrairu na 2021, da sanyi ya durƙusar da wutar Jihar Tekzas, waɗansu da ita suka haskaka gidajensu. Ku ƙaddara irin wannan a ƙofar asibitin ƙauye da dare, mace tana naƙuda. Aibinta kuwa shi ne ta tara ciwon gida biyu: tana da duk abin da yake lalacewa a inji, tana kuma da batir da na'urorin kwamfuta, ga tsada.

Wuta, Zafi Da Makanike

Yanzu mu komo Jabo mu yi lissafin ɗalibi. Mu ƙaddara litar fetur Naira 1,000, mu ƙaddara kuma babbar a-kori-kura mai jan tirela tana shan lita 25 a kilomita 100. Naira 25,000 ke nan. Ta lantarki, bisa gwajin da muka ambata, tana cin kimanin yunit 80 a wannan nisa. A farashin Naira 225 da aka yanka a watan Afrilu na 2024 wa masu samun wutar awa 20 a rana, ya kama Naira 18,000. Akwai rangwame, babu shakka. To, amma wane ƙauye ne a ƙasar Tambuwal ko Kebbe yake ganin wutar awa 20? Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 tana raba abin da yake kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu. In kuwa aka ce a tayar da janareta a yi cajin, litar dizal ɗaya kimanin yunit 3 take bayarwa, watau sai an ƙona lita 27 kafin a sami yunit 80. An gudu ba a tsira ba.

Abin da muke da shi a yalwace shi ne rana. Faifan sola mai wat 500 yakan ba da yunit biyu da 'yan kai a yini a wajenmu. Don a cika batirin yunit 131 a rana ɗaya sai an jera faifai 50 zuwa 60, wannan kuwa jari ne na attajiri. Amma ƙaramar mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, mai batirin yunit 8 zuwa 10, faifai huɗu ko biyar sun ishe ta. Ku riƙe wannan bambanci, don a kansa shawararmu za ta tsaya.

Ranar nan da take ba da wuta ita ce kuma take cin batir. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, batirin litiyam kuwa yana saurin tsufa a zafi, sanyaya shi kuma daga cikin cajinsa ake ɗiba. Ƙurar hunturu ma takan rufe faifan sola, sai ana sharewa. Sa'an nan ga maganar gwanjo. Mafi yawan motocin da muke saye tsofaffi ne da aka gama morewa a waje. Tsohon inji, makanike yakan kasa kunne ya ji lafiyarsa, ya dubi hayaƙinsa. Tsohon batir kuwa ba ya tari, ba ya hayaƙi, sai an biya kuɗi an hau hanya sa'an nan asirinsa ya tonu, shi ne kuma abu mafi tsada a jikin motar.

Babban abin dubawa shi ne mai gyara. Tun da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, a-kori-kurarta ta zama jakar Arewa, dalili kuwa shi ne kowane gari akwai wanda zai kwance ta ya ɗaura a gindin bishiya, kayan gyaranta kuma har a kasuwar ƙauye. Batirin motar lantarki yana ɗauke da bolt 400 ko fiye, wanda yake kisa nan take. Wanda bai koya ba, in ya sa sifana, ransa ya sa. Dukanmu kuwa mun san irin filin nan na bayan ofis, inda taraktocin da aka yi bikin rabawa da kiɗa da jawabi suke kwance, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari, saboda an sayo su ba a sayo hanyar gyaransu ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shawararmu

Daga abin da ya gabata, ra'ayinmu shi ne kada a tambayi wace mota ce ta fi, a tambayi wane kaya, wane nisa. Aikin jan kaya a wajenmu hawa uku ne, kowanne da abin da ya dace da shi.

Hawa na farko shi ne daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa: taki, ruwa, kara, albasa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 30 ko 40 ba, a hankali, a hanyar da ba kwalta. A nan iska ba ta da tasiri, ƙarfin tayar da kaya ake bukata, motar kuma a gida take kwana. Wannan aikin lantarki ne tun yau. Ƙungiyar manoma tana iya kafa rumfar sola a bakin kasuwa, da ƙananan motoci masu batirin da ake cirewa a sa wani, rumfar kuma ta riƙa cajin waya da sanyaya magani. Ba mafarki muke ba: a Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas na fetur zuwa na lantarki, gwamnatin Barno kuma ta ƙaddamar da motocin haya na lantarki a watan Disamba na 2023. Abin da aka yi wa fasinja a can ana iya yi wa buhu a nan.

Hawa na biyu shi ne tsakanin ƙauye da birni, kilomita 100 zuwa 300: motar asibiti, ta malaman gona, ta 'yan kasuwa masu kai kaya Sakkwato ko Jega. A nan ruwa-biyu mai caji ce ta dace, da sharaɗin a fara da kaɗan, a kuma tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara a cikin jiha kafin a biya kuɗi.

Hawa na uku shi ne doguwar tafiya zuwa kudu da tan 30 a baya. A nan dizal yana da sauran kwana, wanda zai fara rage masa kasuwa kuwa iskar gas ce. Matatar Ɗangote ta bayyana a 2025 cewa za ta yi rabon mai da manyan motoci 4,000 masu aiki da iskar gas. Sai dai bututun gas mai tsawon kilomita 614 da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta, ta Kaduna zai bi ya tsaya a Kano. Sakkwato ba ta kan layinsa. Wannan abin da ya kamata wakilanmu su riƙa tambaya ne, tare da tsohuwar tambayar jirgin ƙasa, domin babu tirelar da za ta ja abin da dogo yake ja.

Ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024, amma ta yi haka ne tana da babbar madatsar ruwan da ta gina a kan kogin Nilu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma muna da abin farawa: ga rana, ga ma'adinin litiyam da aka buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa a 2024, ga kwalejojin fasaha. Abin da ya rage shi ne a sa gyaran batir da injin lantarki a cikin manhajarsu, a kuma jawo makanikan tasha a horar da su, don kada sabon zamani ya zo ya raba su da abincinsu.

Kammalawa

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba waɗansunmu za su zauna a kujerun da ake rubuta takardar sayen motoci, yayyenmu da suke nan ma sun riga sun zauna. Ranar da ɗan kwangila ya shigo da hoto mai sheƙi yana cewa wannan ba ta shan mai, muna roƙo a yi masa tambaya huɗu kafin a sa hannu. Kilo nawa take ja, kuma kilomita nawa take yi da kayan a bayanta? A ina za a yi mata caji, da wace wuta? Wa zai gyara ta a cikin jihar nan? In batirin ya mutu, nawa ne sabo, wa zai biya, ina kuma za a kai tsohon? In ya amsa duka, a saya da farin ciki. In ya fara kame-kame, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi ƙofa, domin kuɗin da za a kashe na mai albasar nan ne da muka bari a cikin yashi.

Ba mu ce a rungumi fetur don tsoron sabon abu ba, ba mu kuma ce a yi tsalle a faɗa rijiya don kwaɗayin a ce mun waye ba. Mu fara da abin da ranarmu za ta iya cikawa, hannunmu kuma zai iya gyarawa, mu hau daga nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da muka faɗa daidai, daga Allah ne. Kurakuran kuwa namu ne, muna fatan malamai za su gyara mana a lokacin tambayoyi.  Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kayan manomi kasuwa lafiya.